Falona duk ruwan madara da ruwan toka ne, ya zan sa masa kala ba tare da na ɓata shi ba?

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Wata bakwai kenan da tarewata, gidan haya ne a Kano ɗaki biyu da falo, kuma lokacin haɗa kayan ɗaki ni da kaina na dage komai a yi shi mai sanyin kala saboda irinsa nake ta gani a Instagram. Bango ruwan madara, kujeru ruwan toka, labule ma toka mai haske, tayil fari, silin fari, har kafet ɗin tsakiya ruwan ƙasa ne mara ƙarfi. Da farko ya burge ni sosai amma yanzu wallahi in na zauna da la'asar sai in ji falon ya yi min fayau kamar ba mutane a gidan. Ranar da yayata ta zo ta ajiye jan gyalenta a hannun kujera ta shiga alwala, ina ɗago kai na ga kamar an kunna fitila a wurin, tun ranar abin yake raina. Ina so in yi wa bangon bayan talabijin fenti mai ƙarfi amma maigida ya ce kar in taɓa bangon mutane, kuma kuɗin hannuna ba yawa. Ta ina zan fara, kuma wace kala ce za ta hau da toka?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam amarya. Ki gode Allah, mai wuyar kin riga kin gama, dan falon da yake fari da toka duk kalar da kika kawo zai karɓa. Ni shawarata kar ki fara da bango, ki fara da abin da in bai miki ba za ki ɗauke ki kai ɗaki. Masu adon gida suna da wani lissafi, kashi 60 kalar da ta mamaye ɗaki, kashi 30 mai bi mata, kashi 10 kuma mai ƙarfin. Ke kina da 60 da 30 ɗinki, goman nan kawai kike nema. Ki zaɓi kala ɗaya tak, ki sa ta a wuri uku da suke nesa da juna, misali filon kujera, da wani abu a kan teburin tsakiya, da hoto ko firem a bango, ido zai riƙa yawo tsakaninsu. Ki shiga Kantin Kwari ki yanko yadi biyu ki kai wa tela ya ɗinka miki rigunan filo masu zif, ya fi sayen na kanti sauƙi nesa ba kusa ba kuma kya cire ki wanke. Da toka kam ruwan ɗorawa yana hawa, ruwan hanta ma haka, ko kore mai duhu. Ni na taɓa yi wa falo gaba ɗaya ruwan goro bango huɗu, sati biyu ban iya zama cikinsa da rana ba ga zafin Afrilu, ji nake kamar bangon na matso ni, sai da muka sake biyan mai fenti. Shi ya sa nake ce miki a hankali.

Mai Fenti:
Hajiya sana'ata ce wannan, bari in sa baki. Maganar maigida gaskiya ce, a tambayi mai gidan tukuna, da yawansu suna yarda in an yi alkawarin mayar da shi yadda yake ranar tashi. Sai dai ki sani mayar da bango mai duhu zuwa ruwan madara sai an yi shafi biyu zuwa uku kafin ya rufe, ja kuwa ya fi kowanne taurin kai. In an amince, bango ɗaya galan ɗaya mai lita 4 yawanci yana isa har shafi biyu in ba wani ƙaton bango ba ne, ba sai kin sayi bokiti mai lita 20 ba. Kar ki zaɓi kala a waya ko a katin da ake nunawa a shago, a shafa kamar faɗin faranti a bangon a bar shi ya bushe, ki kalle shi da safe, da la'asar, da kuma dare in an kunna wuta. Ƙwan lantarki yana canza kala sosai, farin nan mai lambar 6500K a jikinsa yana sa ja da ruwan ɗorawa su yi fatau, mai ɗan rawaya 3000K shi yake fito da su, shuɗi kuma ya fi son farin. Ki nemi fenti mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, dan emalshan na gama-gari mai duhu hannu ɗaya yaro zai ɗora ya bar shaida. Ga ƙurar hunturu, bango shuɗi mai duhu daga Disamba zuwa Fabrairu kullum sai kin bi shi. In za ku Ƙofar Ruwa sayen fentin ku tafi da wanda ya san kaya.

Hajiya Babba:
'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da zaman lafiya. Ni abin da yake ba ni mamaki yaran yanzu sai ku tafi neman kala a waya alhali a cikinta aka haife ku. Ɗakin uwata bangon ƙasa ne ba fenti, amma in kika ɗaga labule jeren kwanuka ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, samira da langa da fanteka, ja da kore da shuɗi da zanen furanni, kowanne an goge shi yana ɗaukar ido, a gefe ga fayafai masu rini an kafe a bango, ƙasa ga tabarmar kaba mai ratsin ja. Bangon shiru yake, kayan ne suke magana, to ai irin falonki kenan. Ki je Kasuwar Kurmi ki samo fayafai biyar ko bakwai manya da ƙanana ki jera su a saman doguwar kujera, ƙananan ƙusoshi sun isa ba ruwanki da fenti balle rigima da mai gida. Ki haɗa da tumtum na fata guda biyu, ja ko ruwan goro, baƙi ma sun samu wurin jingina. Sabon tumtum yana da warin jima, ki bar shi a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu kafin ki shigar. In kuma shuɗi kike so ga marinar Ƙofar Mata nan kusa da ke, wadda ake lissafin tun 1498 ake rini a cikinta, da baba da toka suke haɗa shunin. Amma ki ji ni da kyau, zanen shuni yana zuba, kar ki kuskura ki shimfiɗa sabo a kan kujera mai haske, zai bar miki tabo. Ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi har ruwan ya daina shuɗi, ko kuma ki sa a ɗaure miki shi a firem ki rataye.

'Yar Damagaram:
Ni dai ban yarda da kashi goman nan ba Maman 'Yan Biyu ki yi haƙuri. Filo uku a falo babba ɓacewa suke kamar gishiri a rijiya. Mu nan Zinder ki shiga unguwar Birni ki ga fuskar tsofaffin gidaje da zanen da aka yi musu da kaloli, haka Zariya, ba wanda ya ji tsoron kala kuma ba wanda ya ce sun yi hayaniya. In kuɗin abu ɗaya gare ki ki sa shi a babba, labule ko kafet. Labule ruwan hanta tun daga silin har ƙasa shi kaɗai ya gama aikin, sai dai in tagar tana kallon yamma a sa masa shafi a baya dan rana tana cinye ja da wuri.

Amaryar Bana:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Hajiya kin tuna min ɗakin kakata wallahi har ƙwalla ta zo min. Na karanta wa maigida ya ce fayafai da tumtum ba matsala, bangon a bari sai ya yi magana da mai gidan in an zo sabunta haya. Na tsaya a kan ja mai duhu irin na gyalen yayata, na ma kira ta ta aro min shi in tafi da shi Kwari ranar Asabar dan kar in sayo wani jan daban. Anti 'Yar Damagaram tagata yamma take kallo kuwa, shafin fari ake sawa ko ruwan madara ma zai yi?