Za a iya ɗaukar zanen jirgin yaƙi daga tsohon wasa zuwa sabo a Stellaris?

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna buga Stellaris ce, wasan mulkin taurari da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016. Duk lokacin da na fara sabon wasa, daular da na ƙirƙira tana nan a jeri da tutarta da tsarin mulkinta, amma zane-zanen jiragen yaƙin da na sha wahala a kansu babu ko ɗaya. Dole in sake zama in zaɓi sassan jikin jirgi, in saka kowane makami a gurbinsa, in raba garkuwa da sulke, sannan in duba ko wutar injin ta ishi kayan da na ɗora. A unguwarmu wuta ba ta jimawa, batirin kwamfutata ma ya yi sanyi, saboda haka lokacin da zan yi yaƙi da shi yana ƙarewa ne a ɗakin zane. Akwai fayil ɗin da zan kwafa, ko wata dabara da ta wuce ni?

Malamin Lissafi, Gusau

Wa alaikumus salam, ƙanena. A sigar da nake bugawa babu maɓallin da ke yin wannan aikin. Daulolin da ka ƙirƙira suna da fayil nasu daban a cikin foldar Paradox Interactive da ke cikin takardun kwamfutarka, shi ya sa suke bin ka ko'ina, su kuwa zane-zanen jirage suna cikin fayil ɗin wasan da ka ajiye, don haka idan wasan ya ƙare sun tafi tare da shi.

Ina ganin akwai hikima a haka. Bincike a Stellaris ba layi ɗaya yake bi ba: a kowane fanni cikin ukun nan, wato fizik da zamantakewa da injiniyanci, wasan yana zaro maka 'yan zaɓuɓɓuka ne kamar kati, abin da ya fito maka yau ba lallai ya fito gobe ba. A wani wasan leza za ta yi nisa tun da wuri, a wani kuma bindigogi masu harba dalma ne za su riga ta. Sannan maƙwabcinka yana canzawa. Leza tana cin sulke amma garkuwa tana rage mata ƙarfi, dalma tana fasa garkuwa amma sulke yana tare ta, makami mai linzami kuwa yana ratsa garkuwa ya wuce, sai dai ƙananan bindigogin kariya suna iya kakkaɓo shi tun bai iso ba. Jirgin da ya ci maka yaƙi a wasan jiya an ɗinka shi ne a jikin abokin gabar jiya, kamar awon da tela ya ɗauka wa yaro a Sallar bara.

Shawarata ita ce ka kashe zanen da kwamfuta ke yi da kanta, ka yi naka guda ɗaya ga kowane girman jirgi, ka kunna sabuntawa ta kai tsaye domin duk makamin da ya samu ƙarin daraja ya shiga gurbin tsohon ba tare da ka taɓa ba. Ni ina da ƙaramin littafi kusa da kwamfuta, na rubuta sassan da nake zaɓa da yawan garkuwa a kan sulke, kuma da shi aikin ba ya ɗaukar lokaci.

Mai Homa, Argungu

Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban gamsu da cewa bambancin bincike ne ya hana ba, domin wasu wasannin sun warware wannan matsalar tun da daɗewa. A Galactic Civilizations III, wanda kamfanin Stardock na Amurka ya fitar a 2015, zanen da ka yi ana ajiye shi a folda ta musamman a wajen wasan, har kana iya ɗora shi a Steam, dandalin sayar da wasannin kwamfuta na intanet, wasu su sauke. Dabarar da suka yi ita ce raba siffar jirgi da kayan aikinsa. Mutum zai ɓata yini yana jera fikafikai da hasumiyoyi da fitilu har jirgin ya zama abin kallo, wannan siffar tana nan har abada, makamai da injina kuma a ɗora su gwargwadon abin da bincike ya kai. Shi ma wasan Distant Worlds yana da maɓallin ajiye zane-zane da na ɗauko su.

Saboda haka abin mai yiwuwa ne. Babu abin da zai hana a ajiye zane a ɓoye shi har ranar da ka mallaki kayan da yake buƙata. Kuma mai buga wasa ba ƙarfin makami kaɗai yake so ba, yana son ya ga jirgin da ya raɗa wa suna ya sake bayyana a sabuwar daula. Ɗan Kabi, idan zanen ne ya fi ba ka sha'awa a kan siyasar taurari, ka gwada na Stardock ɗin.

Ɗan Reluwe, Ƙaura Namoda

Akwai hanyar da ba a ambata ba, wato ta mod, gyaran da masu buga wasa suke yi wa fayilolinsa da kansu. A cikin fayilolin Stellaris akwai folda mai suna global_ship_designs, inda aka rubuta zane-zanen da wasan kansa yake amfani da su, kuma rubutu ne da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Wanda ya iya zai rubuta nasa a kan wannan tsari, ya haɗa da ɗan umarnin da zai miƙa wa daularsa zanen. Sai dai a san abu biyu. Irin wannan mod yana canza lambar tantancewar wasan, wadda ke nuna ba a taɓa fayilolinsa ba, don haka lambobin yabo na Steam ba za su samu ba, kuma idan za ku buga tare da abokai dole kowa ya saka shi. Na biyu, Paradox suna yawan sake fasalin yaƙi. A Nuwamban 2022, da suka fitar da siga ta 3.6 mai suna Orion, sun sauya ƙarfin makamai sun kuma ƙara sabon nau'in ƙaramin jirgi mai ɗaukar manyan makamai masu linzami, zane-zane da yawa da ake alfahari da su suka zama ba su da amfani. Kwafo zane kai tsaye daga fayil ɗin tsohon wasa zuwa sabo kuwa ban ba da shawararsa ba, domin kowane zane yana da lambarsa, idan lambobi suka ci karo fayil ɗin yana iya ƙin buɗewa.

Ɗan Kabi, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da littafin Malam, domin lambobin yabon suna da muhimmanci a wurina. Malam, akwai zanen da ya cancanci a rubuta shi cikakke, wanda ba ya canzawa daga wasa zuwa wasa?

Malamin Lissafi, Gusau

Akwai, na masifun ƙarshen wasa, wato manyan maharan da wasan yake sakowa a kan kowa idan ya yi nisa, irin su Prethoryn da Unbidden, domin su halinsu sananne ne. Idan Prethoryn ne suka shigo, ba su da garkuwa ko kaɗan, sulke ne da tsoka, saboda haka ka cika manyan jiragenka da leza da danginta, ka kuma ware wasu matsakaita ka cika su da bindigogin kariya saboda makamansu masu linzami da ƙananan halittun da suke sakowa. Idan Unbidden ne, ƙarfinsu yana cikin garkuwa, sai ka koma ga dalma. Ka ba kowannensu shafi guda, kuma ka rubuta lambar sigar wasan a saman shafin.