Wai motar gudu ta fi Corolla kare rai? Muhawara daga Damagaram

Mai Corolla, Zango: Jama'a barkanmu da yamma. Zan faɗi magana, na kuma san wasu za su taso mini. Abokina ya shigo da Ford Mustang GT ƙirar 2019, ya miƙo mini makulli muka fita hanyar Takeita. Injinta V8 ne, lita 5, ƙarfin doki 460. Tawa Corolla ce ta 2006, lita 1.8, doki wajen 130. Gudun bai ba ni mamaki ba, don dama saboda shi aka ƙera ta. Birkin ne ya tsaya mini a rai. Bayan mun wuce Tirmini akuya ta faɗo kwalta, na taka, motar ta dafe ƙasa ta tsaya a miƙe, sitiyari ko motsi bai yi a hannuna ba. Da tawa ce, sai ta ja gefe ɗaya tana kuka. Don haka na ce: motar da muke kira ta 'yan ƙarya ta fi motocinmu kare rai.

Direban layin Agadas: Ƙanena, kwalta mai kyau ka samu shi ya sa. Kawo ta hanyar Tanut mu gani. Tayoyin nan nata sirara ne a gefe, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa janti. Kuma idan ta tsaya maka a daji, wa zai taɓa ta? Motar da ta mayar da kai gida ita ce mai kare rai.

Mai Corolla: Yaya, ban ce a yi lodin Agadas da ita ba. Maganar tsayawa nake yi lokacin da rai ke kan gaba. Irin wannan motar, a kan kwalta busasshiya, daga gudun kilomita 100 tana tsayawa cikin ƙasa da mita 40. A cikinmu wa zai rantse tasa za ta yi haka?

Malamin lise, Karkada: Lissafin naka da saura. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. To motar da ke kai ka 160 ba ka ji a jikinka ba, ta riga ta cinye ribar da birkinta ya ba ka. Ka faɗa mana tsakani da Allah, da kana cikin Corolla za ka kai gudun da ka yi ranar?

Mai Corolla: Malam, wannan halin direba ne, ba na mota ba.

Malamin lise: Mota na gyara hali tana kuma ɓata shi. Wanda ke jin rurin V8 a ƙarƙashin ƙafarsa ba ɗaya yake da mai jin ƙarar kwano ba.

Ɗan kabu-kabu: Ku tambaye mu da ke kan titi wuni guda. Bakin kwaltar garin nan duk rairayi ne, balle lokacin hunturu da iska ke kwaso shi. Waɗannan motocin tayoyin baya ke tura su. Yaro ya taka totur a kwana, gindin motar ya wulwula, mu da masu amalanke ne a gefen. Ku kuna da balan-balan ɗin kariya a ciki, mu gwiwarmu ce bamba. Ran wa take karewa?

Makanike, Sabon Gari: Ku dakata in sa baki, don Corollar da ake magana na san irinta ciki da waje. Maigida, abin da ka ji ranar gaskiya ne, amma fassarar da ka yi masa ce ban yarda da ita ba. Ba Mustang da Corolla ka gwada ba. Mota mai lafiya ka gwada da mota mai jinya.

Corolla ba a ƙera ta tana jan gefe idan an taka birki ba. In ta ja, ko fistan ɗin birki na ƙafa ɗaya ya cije, ko tayoyin ba iri ɗaya ba ne, ko amortisa, wato abin da ke shanye girgizar mota, ta mutu. Kullum ina ganinsu a garaji: taya huɗu, kamfani huɗu, duk 'yan gwanjo. Ka duƙa ka duba gefen tayarka, akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2314, mako na 23 ne na 2014. Zanen na iya zama da saura, amma robar ta bushe, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 a nan. Man birki kuma yana shan danshi, ana so a sauya shi kamar duk shekara biyu. Mutanenmu sai dai a ƙara, ba a sauyawa, har ya koma baƙi. Sai birki ya yi zafi ka ji ƙafarka ta nutse.

Ka sa taya huɗu sababbi iri ɗaya, ka sauya man birki da takalman birki da amortisa, sannan ka dawo mu yi wannan gardamar. Ba za ta kamo Mustang ba, ban ce haka ba. Amma za ta tsaya a miƙe.

Direban layin Agadas: Allah ya yi maka albarka. Ka kuma faɗa masa kuɗin ciyar da waccan.

Makanike: Baƙin mai kaɗai tana shan kusan lita 9 da rabi a juye ɗaya, Corolla wajen lita 4. Cikin gari tana cin esansi kusan lita 15 a kilomita 100. Ko da aka rage farashi a 2024 lita ta dawo sefa 499, kuɗin lita 15 ɗin kusan jika bakwai da rabi ke nan. Ga matatar mai ta SORAZ a bayan gari tun 2011, mai ba ya mana nisa, amma kayan gyaranta fa? Na Corolla in babu a nan, ka aika Kano gobe ya iso. Nata sai an yi oda daga waje, mota na zaune tana shan ƙura.

Mai Corolla: Na ji batun taya da man birki, zan kuma kawo ta. Amma ban janye duka ba. Ko sabuwa dal ce Corollar 2006, faɗin taya da girman faifan birki ba ɗaya ba ne, kuma waccan na da na'urar da ke kama mota idan ta fara zamewa. Injiniyoyin da suka sa mata doki 460 sun sa mata abin tsayar da su. Mu ne muke raina birki, mu sayi rediyo da baƙin gilashi mu bar taya.

Hajiya, Birni: Ɗana, ni ban san doki nawa ke cikin inji ba. Tambayata ɗaya ce. Da akuyar nan yaro ne, ko da ka daki motar mutane, wa zai biya? Asiransinta ya rufe wanda aka ba aro? Kun yi wannan maganar da abokin naka kafin ka karɓi makulli? Kayan aro ba ya ado, kuma na ga zumuncin shekaru ya watse a kan abin da bai kai fitilar wannan motar ba.

Mai Corolla: Hajiya, yana zaune a gefena, shi ya ce in ja.

Hajiya: Zama a gefe daban, ɗaukar asara daban. Ka tambaye shi yau, ka ji amsarsa da kunnenka.

Ɗan kabu-kabu: Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini tawa tambayar.

Malamin lise: Gaskiyarka. Birki mai kyau na amfanar na waje ma, in direban yana gudun da ya dace da cikin gari. A gudun 40 duk motocin biyu za su tsaya maka. A gudun 90 gaban kasuwar Dole, babu wadda za ta tsaya.

Makanike: Maigida, ka kawo ta Asabar da safe kafin rana ta yi zafi. Ka fara karanto mini lambobin tayoyin nan huɗu yau da dare, in san abin da zan nema.