"Ba ni da lokaci" ta zama ado: wa ya taɓa ɗanɗana kuɗarta?

Akanta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida na yi a wani ofis da ake auna mutum da lokacin tashinsa. Wanda ya tashi ƙarfe biyar malalaci ne, ko da tun rana ya kammala aikinsa. Sai na koyi zama har tara na dare ina jujjuya takardun da na riga na gama, don kada manaja ya wuce ya ga kujerata wayam. In ɗan'uwa ya kira na ce masa "wallahi ba ni da lokaci", har wani daɗi nake ji, kamar na faɗa masa na zama wani. Ranar da 'yata mai shekara biyar ta tambayi mahaifiyarta ko a ofis Baba yake kwana, jikina ya yi sanyi. Wa ya taɓa shiga irin wannan hali?

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Kusan shekara biyu ina haɗa aikin dare da na safe, ana yabona cewa ba na gajiya, ni kuma yabon ya shiga kaina. Wata asuba kaina ya sara, na ɗaura wa kaina abin awon jinin da nake ɗaura wa marasa lafiya. Da na ga lambar sai na zauna a gefen gado, na kasa tashi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum dubu 745 suka mutu a 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, sanadin aikin awa 55 ko fiye a mako. Ni lokacin na haura awa 70 a mako. Har yau ina shan magani.

Tela: Ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Ba kowa ke wahala don a gani ba. Akwai wanda in bai taka keke yau ba, gobe gidansa babu komai, kuma bai kamata a ce masa ya huta kamar yana da zaɓi ba. Amma zan faɗi laifina. Akwai lokacin da ba na mayar da ɗinki ko ɗaya, don shagon da yadi ya cika har rufi shi mutane ke kira mai kasuwa. Ina kwana kan keke. Wani dare wajen ƙarfe biyu, ido na rufewa, na sa almakashi na yanke hannun riga biyu duk na gefe ɗaya, a yadi mai tsada na wata baiwar Allah da ta shekara takwas tana kawo mini aiki. Na biya yadin, ta karɓa ba ta ce uffan ba, ba ta sake dawowa ba. Daga nan na koyi cewa "Hajiya, ba zan iya a wannan makon ba". Abin da nake samu bai ragu ba, don na daina gyaran kuskure da biyan ɓarna.

Mai aikin kwamfuta: Tawa matsalar waya ce. Saƙon WhatsApp ƙarfe sha ɗaya na dare, in ban amsa cikin minti goma ba gobe a ce ba ni da himma. A Faransa tun 2017 doka ta ba ma'aikaci 'yancin kashe wayar aiki bayan tashi. Ni dai ƙarƙashin filo nake ajiye tawa.

Malami mai ritaya: 'Ya'yana, a 1930 masanin tattalin arziki na Ingila, Keynes, ya yi hasashen jikokinsu awa 15 kacal za su riƙa aiki a mako saboda ci gaban na'urori. Na'urorin sun zo, hutun ne bai zo ba. Kafin shi ma, a 1926, Henry Ford, mai kamfanin motocin Ford na Amurka, ya mayar da masana'antarsa aikin kwana biyar a mako, kuma ai ɗan kasuwa ne mai neman riba. Ni abin da ke ci mini rai, ɗalibai nawa suka tsaya a ƙofar ofishina na ce su dawo gobe ina sauri zuwa taro. Tarukan ko ɗaya ban tuna abin da aka ce ba. Fuskar wani yaro da bai dawo ba kuwa, har yanzu ina ganinta.

Akanta: Na gode Baba, na gode Malam tela, gyaranka ya shige ni. Jiya na rufe kwamfuta ƙarfe biyar da rabi, gabana na faɗuwa. Manaja ya kalle ni, ya kalli agogo, bai yi magana ba. Na samu 'yata ba ta yi barci ba, muka yi aikin gidanta na lissafi tare. Ranar Litinin akwai taron ma'aikata, zan dawo in faɗa muku yadda ta kaya.