Neman shawara: tambayar ɗalibata a darasin ɗan tayi ta hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin garin Katsina. Ranar Talata na zana wa 'yan aji shida ɗan tayin kifi da na kaza da na mutum a allo, duk a lanƙwashe kamar ƙugiya, kowanne da 'yar wutsiya da ninki-ninki a wuya. Na ce masana kimiyya na kafa hujja da wannan kamannin cewa dabbobi masu ƙashin baya tushensu ɗaya. Sai wata yarinya mai natsuwa ta ɗaga hannu: "Malama, ke nan kifi nake a cikin mahaifiyata?" Aji ya yi tsit. Amsar da na ba ta ko ni ba ta gamsar da ni ba. Ga WAEC na tafe, ba na son in koyar da kuskure, ba na kuma son in rikita wa yara imaninsu. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani malami mai ritaya daga Daura:
Wa'alaikumussalam Malama. Ki fara da ce mata a'a, ba ta taɓa zama kifi ba. Tunanin cewa ɗan tayi na bi ta siffofin kakanninsa na Ernst Haeckel ne, Bajamushe, kuma an daɗe da watsar da shi. Zanen 'yan tayin da ya yi a 1874 ma ya ƙara masa gishiri. A 1997 wani masanin kimiyya, Michael Richardson, da abokan aikinsa suka fito da hotuna na gaske, aka ga bambancin ya fi yadda ya zana. Amma kamannin kansa yana nan. Tun 1828 wani masanin, von Baer, ya lura cewa 'yan tayi na kama da juna da farko, sannan kowa ya kama hanyarsa. Ninkin wuyan nan a kifi shi ke zama abin numfashinsa cikin ruwa, a mutum kuwa ya zama muƙamuƙi da ƙananan ƙasusuwan kunne da maƙogwaro. Wutsiyar kan ɓace wajen mako na 8, ta bar ɗan ƙashi a ƙarshen gadon baya.

Wata mai kiwon kaji daga Ƙofar Ƙaura:
Yaya, ki nuna masu da idonsu mana. Ƙwai kwana 21 yake kafin ƙyanƙyasa. Na kwana 4 in kika haska shi da tocila a ɗaki mai duhu, za su ga jijiyoyin jini ja-ja-wur kamar saƙar gizo. Zan ba ki biyu.

Wani malamin Islamiyya:
Malama, ki raba abin da ido ya gani da fassarar da masana suka yi masa, ki koyar da duka biyun da amana. Abin da ya shafi aƙida, ki ce su zo mana da shi, akwai aya ta 12 zuwa 14 a Suratul Mu'uminun kan halittar ɗan adam, za mu zauna da su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ranar Lahadi da yamma zan biyo in karɓi ƙwan, Litinin nake da darasi da 'yan ajin.