Kullum a daji suke wuni da yarona, ga sanyin Nuwamba

Maman Affan: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Muna Hamburg ne a Jamus, shekara biyu ke nan da na biyo maigida. Wata bakwai na yi ina nema wa Affan gurbi a makarantar renon yara, nan Kita suke ce mata. Ga ciki a lokacin, ga ban iya yaren ba, ga mun tashi gida sau biyu, har kuka na sha yi a tashar bas. Da ƙyar muka samu a wadda suke kira Waldkindergarten, wato makarantar daji. Ba aji ba allo, sai wani ɗakin katako mai taya da suke fakewa in iska ta yi ƙarfi. Lokacin zafi ban damu ba. Yanzu Nuwamba ta raba, da safe digiri 3 ko 4, yayyafi ba ya ɗaukewa, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. Ɗan shekara huɗu ya dawo min da taɓo har ka, aljihu cike da ganye da 'ya'yan itace, ga majina sati biyu. Jiya na ce me aka koya muku, wai sun tara wa bushiya ganye ta yi barcin sanyi. Surukata ta gan shi a kiran bidiyo ta ce mun kai mata jika kiwo. Sa'ansa ɗan yayata a Kano yana rubuta 1 zuwa 50. In cire shi ne?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, shekarata 19 a ƙasar nan, 'ya'ya huɗu na raina, ki ji abin da zan faɗa miki. Ba dajin ba ne, kayan ne. Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma a ɗaki rufaffe ta fi yaɗuwa. Abin da ke taɓa fatarsa ya zama ulu, kada auduga, don auduga tana shan gumi ta zauna a jiƙe. Sai suwaita a kai, sai rigar ruwa da wandon robar nan Matschhose, takalmin roba mai ɗumi a ciki wanda ya ɗan yi masa yawa, safar ulu, hula mai rufe kunne. Shigar albasa suke kiranta. Kuma abin ba sabo ba ne, tun 1993 hukuma ta amince da makarantar daji ta farko a garin Flensburg na nan Jamus, daga Denmak suka kwaikwayo. Batun 1 zuwa 50 kuwa, ko Kita mai rufin zinariya kika kai shi ba za su zaunar da shi rubutu ba. Sai ya kai shida ya shiga firamare.

Ummu Khairat: Ikon Allah, wasu na kuka da daji mu muna nema. Ni a Kano 'yata shekara uku, aikin gida darasi uku kullum, makarantar ko bishiya ɗaya babu, an shafe filin da siminti, ga kuɗin zango sai ƙaruwa yake. Mu da muka taso iwar haka bayan kaka muna kalen gyaɗa, mu yi mota da karan dawa, mu kamo fara. Wa ya mutu? Na yi wa shugabar magana ta kalle ni shekeke.

Maman 'Yan Biyu: Ki cire shi kawai. Jikinmu ba irin nasu ba ne. Ni a Ingila bara Hassan kwana huɗu ya yi a asibiti da ciwon haƙarƙari bayan irin yawon nan. Kuma wa ke wankin taɓon? Ni dai nawa maigidan ko safa bai taɓa ɗagawa ba, sai dai ya ce "ai yara suna so".

Hajiya Babba: Maman 'Yan Biyu, Allah ya ƙara lafiya, amma nawa huɗun jikin wa gare su? Na tabbata auduga kika sa masa.

Anti Nas: Maman Affan, kafin komai: yana da sikila ko asma? In da sikila magana ta canza, sanyi da jiƙewa suna tayar da ciwon, sai da shawarar likitansa. Majinar akwai zazzaɓi ko numfashi da ƙyar? In akwai ku je gobe. Ki kuma tambayi likita batun bitamin D, daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta wadatar da fata, balle baƙa. Ki riƙa duba bayan kunne da hammata saboda kaska, ranakun da suka ɗan yi ɗumi tana nan. Ƙwallayen nan masu ruwan ƙasa da sheƙi, Kastanien, na wasa ne, ba a ci. Naman kaza ma kada ya kai baki.

Maman Affan: Na gode, amma ni fa ban ce ba na sa masa kaya ba. Yuro 60 na sayi rigar sanyinsa. Ulu kuma ƙaiƙayi yake sa shi. Kuma ba ni na zaɓi dajin ba, shi kaɗai aka samu, in na cire shi ina zan kai shi, ga jaririya ga ajin Jamusanci? Gaskiya yana cin abinci yanzu, bayan isha'i ya yi barci, da sai sha ɗaya. Ni maganar surukata ce ta tsaya min.

Hajiya Babba: Ba kuɗin riga na tambaya ba. Me ke ƙarƙashinta? Akwai ulun merino mai laushi, ba ya ƙaiƙayi. Surukar kuma ki daina kiranta sai kin yi masa wanka.

Ummu Sudais: Ni tambayata daban. Yawon fitilun nan na 11 ga Nuwamba, na Waliyyi Martin, kin bar shi ya je? Don maigidana ya ce bikin coci ne, mun kwana biyu ba ma magana.

Maman Affan: Ya je, ai shi ya haɗa fitilar da hannunsa.

Ummu Sudais: Hmm. Allah ya kyauta.

Anti Nas: Maman Affan, har yanzu ba ki ce komai ba kan sikilar.