Rabo, cefane da watanda

Jama'a, ku taya ni neman kalmomin Hausa. Mu biyar ne da jagoran wasa muke buga Dungeons & Dragons, wasan da kowa yake tafiyar da jaruminsa a cikin labarin da jagoran yake bayarwa, duk daren Asabar, kuma na gaji da jin "ability scores" da "point buy" a tsakiyar hirar Hausa kamar tsakuwa a shinkafa.

"Ability scores", wato lambobin nan shida da ake gina jarumi da su, na kira su baiwa: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima, sai ta shidan, "charisma", da muke ta musu a kai. Wasu sun ce farin jini. Ni kwarjini nake bi, domin mai kwarjini ko ba a ƙaunarsa ana jin maganarsa, kuma da lambar nan har tsoratar da mutum ake yi a wasan.

Inda gizo yake saƙa shi ne yadda ake samun lambobin. A bugun farko na 1974 'ya'yan lido uku za ka jefa ka tara, sau shida a jere, abin da ya fito shi ne naka. Daga baya aka koma jefa huɗu a yar da mafi ƙanƙanta, matsakaici ya tashi daga 10.5 zuwa 12 da 'yan kai. Wannan rabo ne, ba wanda ya musa. Rabon ne ma ya ɓata mana wasa bara: ƙanena ya tashi da 18 da 17, abokinmu babbar lambarsa 11. Wata biyu bawan Allah yana bin ayari kamar ɗan dako.

To, "point buy". Wani ya ce sayen maki. A'a malam, ba maki ake saya ba, da maki ake saye. A bugun 2014 maki 27 ake ba ka, kowace baiwa ta fara daga 8, ba ta wuce 15. 14 tana cin 7, 15 tana cin 9. Ka ɗauki 15 guda uku, kuɗinka ya ƙare, sauran ukun su zauna a 8. Duk wanda aka taɓa aika kasuwa da kuɗi ƙidayayye ya san wannan: ka cika nama, ka dawo babu tattasai. Cefane ke nan.

Dokar da muka ƙirƙira a zaurenmu kuwa, mu shidan kowa ya jefa sau ɗaya, a haɗa lambobi shida, kowane ɗan wasa ya ɗauki dukkansu ya jera yadda yake so. Saniya ɗaya, kashi daidai wa daida. Na ce watanda, aka yi dariya, sunan ya zauna.

Saura jerin nan da littafin dokokin wasan ya shirya, 15, 14, 13, 12, 10, 8. Ƙanena ya ce ƙulli, kamar ƙullin sukari a shago, an riga an ɗaure sai ɗauka. Bai gama kwanta mini ba. Wa yake da kalmar da ta fi?