Me za mu kira "tauɗin" da Hausa?

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, ku taya ni neman kalma ɗaya da za ta fassara "tauɗin", sunan da Larabawa suke kiran tsarin mayar da ayyuka hannun 'yan Saudiyya. Gwaggona ta kira daga Zariya tana tambayar abin da ya sa ɗanta ya rage aiko mata da kuɗi. Na ce mata tauɗin ne ya shafi aikinsa. Ta ce, "Ɗan nan, yi min da Hausa." Nan na tsaya cik.

Mu da muke nan mun san abin a jikinmu. Tun 2011 Ma'aikatar Ƙwadago ta kawo tsarin Niɗaƙat, wanda yake auna kowane kamfani da yawan 'yan Saudiyya da ya ɗauka. Mai cika adadi yana cikin kore, wanda ya gaza a jefa shi ja, daga nan sabunta wa ma'aikatansa takardun aiki ya zama wahala. A 2016 aka hana baƙo sayar da waya da gyaranta baki ɗaya, a 2018 abin ya kai shagunan tufafi da kayan ɗaki da na motoci. Hujjar hukuma a fili take: shirin gwamnatin Saudiyya na sauya tattalin arziki zuwa 2030 ya ɗauki alkawarin sauko da rashin aikin 'yan ƙasa daga kashi 11.6 zuwa kashi 7 cikin ɗari.

Na fara da "Saudiyantarwa", a kan awon Hausantarwa da zamanantarwa, tunda su ma Larabawa suna cewa sa'awada, daga sunan Saudiyya. Tana da daɗin faɗi, amma na gwada ta a kan wani dattijo a Shari' Mansur da ke Makka, sai ya ce, "Wato za a ba yaran jinsiyya ke nan?" Jinsiyya ita ce shaidar zama ɗan ƙasa, kun ga ta juya ma'anar gaba ɗaya. Kalmar da za ta sa uwa ta yi murna a ranar da ɗanta ya rasa aiki ba ta da amfani.

Wani ya ce tunda asalin kalmar tauɗin daga waɗan ne, wato ƙasar mutum, mu ce "ƙasantarwa". A'a. Kunne zai ji ƙasƙantarwa ko ƙazantarwa.

Masu cewa "korar baƙi", na ji zafin da ke bakinku, amma wannan tarhil ne, wato mayar da mutum ƙasarsa, abu daban. Mutum na iya rasa shago iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, tana da rai, ya koma wata sana'ar da ba a taɓa ba.

Inda na fi daɗewa shi ne "fifita ɗan gida", don ita ce mutane suka fi so. Ni ta tsaya min a wuya. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo Hajji a ƙafa ta Sudan, suka haye ruwa daga Sawakin, aka haifi iyayensu a unguwar Misfala ko Jarwal a Makka, su ma nan aka yanke musu cibi. Ba su san wani gida ba, amma iƙama suke riƙe da ita. Ta yaya zan ce musu ba 'yan gida ba ne? A gefe guda kuma ga Hausawan da suke da jinsiyya, irin su Usama Hausawi da ya ja ragamar 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Su tsarin nan yana yi musu aiki. To ashe ba maganar Balarabe da Bahaushe ake yi ba, takarda ce ke rabawa, kuma "ɗan ƙasa" ne kawai ke faɗin haka ba tare da ya ci zarafin kowa ba.

Ga inda na tsaya, sai ku gyara min. Idan adadi aka yanka wa kamfani, mu ce "kason ɗan ƙasa". Idan sana'ar aka rufe wa baƙo ɗungurungum, kamar ta waya, mu ce "an keɓe ta ga ɗan ƙasa". Larabci ya haɗa su a kalma ɗaya, mu kuwa raba su ya fi mana, don na farko yana barin ƙofa, na biyu ba ya bari.

Da dare na sake kiran Gwaggo. Na ce mata an ƙara kason ɗan ƙasa a wurin aikinsa, shi ya sa aka sallame shi, amma iƙamarsa lafiya lau, yana neman wani wurin. Ta ce, "Yanzu na gane. Allah Ya buɗa masa."